Dawar Akwatin Butrus

Jiya da la'asar hadari ya taso daga kudu, baƙi kamar gindin tukunya, kafin magariba sai ga ruwa. Ina zaune a rumfa ina shaƙar ƙamshin baƙar ƙasar Jazira da ta daɗe da ƙishi, sai Kulu ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Tsoho, shigo da tabarmar nan, ko sai ka gama tsara wa ruwan waƙa?" Mun tsufa tana yi mini wannan zolayar. Ni kuwa duk ranar da ruwan farko ya sauka, hankalina yakan koma wata damina, daminar da, ba don akwatin gawar wani Kirista ba, da na rasa matar nan.

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Rusairis ne, nan ƙasar Sudan. Ƙauyenmu bukkokin kara ne a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. In ka tsallaka kogi a jirgin fito, wanda muke kira banton, kana kasuwar Rufa'a. Dukanmu Hausawa ne, kuma dukanmu, a faɗar manyanmu, matafiya ne. Babana, Malam Garba, ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka tun gemunsa yana baƙi. Ya tsaya a Jazira don ya yi tsinkar auduga ta kaka ɗaya ya samu guzuri. A nan aka haife ni, a nan gemun ya yi fari, amma bai taɓa yarda cewa ya sauka ba. Ba ya gina ɗakin ƙasa, ba ya dasa itace. In Inna ta ce a sa ko da lemun tsami ne a tsakar gida, sai ya ce, "Wa ya taɓa ganin matafiyi yana dashe a zango?" Komai sai in mun sauke farali. Sabon gado, in mun sauke farali. Ƙyauren katako, in mun sauke farali. Aurena ma yana cikin abubuwan da ke jiran Makka.

Abu ɗaya ne na katako a ɗakinsa, wata tsohuwar adaka mai kwaɗo. A ciki yake ajiye likkafaninsa, wanda ya saya tun da daɗewa don kada ajali ya riske shi a hanya ba shiri. A ciki kuma yake ɓoye sukari da ganyen shayi, saboda tururuwa da saboda mu.

Ni a lokacin saurayi ne mai kai cike da mafarki. Na ɗan taɓa makarantar gwamnati, na iya karatun Larabci, don haka duk abin da na samu a gona sai in kai wa mai sayar da ƙananan littattafan soyayya a Rufa'a. A cikinsu saurayi yakan tsaya ƙarƙashin tagar masoyiyarsa yana rama saboda bege. Mu ba mu da taga, danga gare mu. Sai na riƙa tsayawa a bakin dangar Malam Sambo, inda Kulu take.

Kulu baƙa ce mai sheƙi, mai wushirya, mai harshe kamar aska. Ranar da na fara samun ƙarfin halin yi mata magana a bakin tur'a, na ce idanunta kamar taurari biyu ne da suka faɗo cikin Nilu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, ɗora mini tulun, taurarin sun gaji." Tun daga ranar na san na mutu.

Sai dai ubanta ba irin nawa uban ba ne. Malam Sambo matafiyi ne na gaske. Daga wajen garin Mai Wurno ya zo mana, kuma da faɗuwar ruwan farko na waccan shekara ya sanar cewa da zarar hanya ta bushe, mota ta shigo, zai kwashi iyalinsa su tafi yankan riɗi a Gadarif, daga can Bor Sudan, daga can jirgin ruwa. Wata safiya ya tare ni a hanyar gona ya ce, "Usmanu, na san abin da ke kawo ka dangata, yarinyar ma ba ta ƙi ba. In ubanka ya aiko aka ɗaura kafin mota ta shigo, na bar maka ita. In ba haka ba, ni ba ni barin ɗiya bisa alkawari."

Na kai wa Baba maganar kaina a sunkuye. Ya ce, "In mun sauke farali." Ya ƙara da cewa, "Kuma ko na yarda, da mi za ka ciyar da jama'a? Da waƙa?"

A nan ya fi ni gaskiya. Kakar da ta wuce, tsuntsayen jan baki sun sauka a kan dawarmu kamar hayaƙi, abin da muka tsira da shi bai kai mu tsakiyar damina ba. Ga ruwa an yi kamar da bakin ƙwarya. Wanda bai san ƙasar Jazira ba ba zai gane ba: in ta sha ruwa takan zama kamar danƙo, kana tafiya tana manne maka har kowace ƙafa ta yi nauyin turmi. Mota ba ta shiga, jaki ma sai da roƙo. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa guda-guda da ya tumɓuko daga Habasha, banton ya daina fito. Muka zama tsibiri, mu da sauro.

Da asuba muke fita, bayan salla, da ɗan ruwan shayi mara sukari a ciki. Mu shiga hawasha, gonar audugar da muke nomawa, mu yi ta fama da ciyawa wadda in ka cire ta yau, jibi ta dawo da danginta. Gayya muke yi, yau gonar wannan, gobe ta wancan, amma gayyar da ba a kawo tuwo. In rana ta take, tururi ya tashi daga laka ya haɗu da zufa, cikinka ya riƙa kiran sunanka. Kisrar Inna, wainar dawar nan mai faɗi da muka koya a wajen Larabawa, ta yi ta ramewa har kana iya hango fuskar ƙanenka ta cikinta. Daga ci biyu muka koma ɗaya. Mata suka bazama jeji neman tafasa da lalo da rama, mu kuma in mun taso mu lalubi tarwaɗa a cikin tur'a. Da yamma a tura hayaƙin kashin shanu don korar sauro, kowa yana tari yana dariyar ɗan'uwansa. Kowane gida akwai mai kwance da zazzaɓi.

Duk ƙauyen addu'a ɗaya ake yi, Allah ya busar da hanya mota ta kawo hatsi. Ni kaɗai nake cewa amin da baki, zuciyata tana roƙon ƙarin ruwa.

A nan Ammi Butrus ya shigo labarin. Ammi muke ce masa, wato baffa. Mutumin duwatsun Nuba ne, dogo, Kirista, da ɗan gicciye na itace a wuyansa. Shi ne mai gadin ƙofar ruwa ta tur'armu, yana yawo da wani ƙaton mabuɗin ƙarfe a kafaɗa, yana buɗe wa wannan gona yana rufe wa waccan. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a birnin Madani. Kafin waccan damina ya je asibiti a can, likita ya ce masa zuciyarsa ta gaji, ya shirya. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo a saman mota yana zaune a kan wani dogon akwati sabo fil, yana ɗaga wa mutane hannu. Da aka ji na mene ne, ƙauye ya ɗauka. Mu da muke rufe mamaci da ƙyalle ba mu taɓa ganin mai rai yana kwana ɗaki ɗaya da akwatin gawarsa ba. Mata suka canza hanyar ɗiban ruwa.

Wata la'asar ina zaune a kan ƙofar ruwan na zuba wa igiyar ruwa ido, ina ta shirya kalaman bankwana da zan faɗa wa Kulu, masu sa dutse kuka. Sai na ji an dafa ni.

"Ya zol, bawan Allah, ruwan nan ba zai kawo maka ita ba. Kama mini nan mu murɗa."

Hausarsa a karkace take, rabi Larabci, amma ana ganewa. Muka murɗa, ruwa ya kwararo. Ya ce in ba shi labari, na ba shi.

"Ka yi wa babanka magana?"

"Na yi, Ammi."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Sauran kwanakin fa, me kake yi da su?"

"Ina tunani."

Ya yi dariya har da riƙe ƙirji. Ya ce, "Ka ga aikina? Daga ofis ake aiko mini, buɗe wa wane, rufe wa wane. Manomi bai san sa'ar rufewa ba, ni ma sai an faɗa mini. Mai hankali, da ruwa ya shigo gonarsa, sai ya faɗa ciki da fartanya yana kai shi kunya-kunya. Wani kuwa sai ya tsaya a bakin gona yana tambayata, Ammi, yaushe za ka rufe? Yana tambaya ruwan yana wucewa. Kwanakin mutum haka suke. Mabuɗin yana hannun Ubangiji, fartanya tana hannunka."

Na ce, "Kai ba ka jin tsoro? Kana kwana da abin nan a gefenka."

"Na ji. Ranar da likita ya faɗa mini, na ji shi sosai. Na shiga coci na zauna ni kaɗai har sai da na tuna abin da na sani tun ina yaro. A wajenmu, Almasihu bai tsufa a duniya ba, amma bai tafi ya bar aikinsa a rabi ba. Ya shiga kabari, ya fito, ya bar mana ƙofar a buɗe. To, in gida zan koma, tsoron me? Abin da nake jin kunya ɗaya ne, Maigida ya aiko kirana a tarar da ni zaune na naɗe hannu. Shi ya sa na je wajen kafinta. Na ce ya gama mini da maganar mutuwa, halas, shi ke nan, in samu in ji da rayuwa."

Mu ba haka muka karanta game da Annabi Isa ba. Shi ma ya sani, kuma ba mu taɓa yin musu a kai ba. Amma maganar ruwa da fartanya ta shige ni.

Ya ja ni bukkarsa. Ina bismilla ina ja da baya, ya ɗaga murfin akwatin. Cike yake maƙil da dawa, fara tas, ba ƙwaro ko ɗaya. Ita ce wadda manoma kan ɗan auna masa in kaka ta yi.

"Akwati mai kyau, ɓera ba ya shiga," in ji shi. "Ya zauna haka kawai yana jirana? Ni cikina ɗaya ne. In na mutu gobe sai an tsaya kwashe ta kafin a sa ni, wahala ce ga masu ɗauka. Ku taimake ni ku cinye ta a bikinka."

Na ruga gida laka tana cire mini takalmi. Inna ta saki muciya ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Dawar makara? Wallahi ba ta shiga tukunyata!" Uwar Kulu ma da ta ji, tofar da yawu ta yi. Kafin magariba zancen ya zaga ƙauye, mutanen da suka kwana da yunwa suna rantsuwa gara su ci ciyawa.

Na je bakin danga ina neman kalmar da za ta dace da girman baƙin cikina. Kulu ta ce ta tsakanin kara, "Dawar ta mutu ne?"

"A'a."

"To, mi ne ne? Kai, Usmanu, ka duba hanya yau? Ta fara tsagewa."

Na duba. Kwanaki ke nan ba a yi ruwa ba, iska ta juya, laka ta fara yin fatar kada.

Washegari bayan la'asar dattawa suna zaune a rumfar Baba, har da Liman da Malam Sambo. Baba ya buɗe adaka ya fito da ɗan sukarin da ya rage, don Liman ba a ba shi shayi salam, ba sukari. Sai ga Ammi Butrus da mabuɗinsa a kafaɗa. Aka gaisa, aka ba shi wuri, aka zuba masa. Ni ina durƙushe ina fifita gawayi, kunnuwana kamar na zomo.

Baba ya ce, "Butrus, mun ji alherinka, Allah shi saka. Amma mu ba mu cin abin da ya kwana cikin akwatin gawa."

Liman ya kurɓi shayi ya ce, "An taɓa sa mutum ciki?"

"Mai shi ga shi nan yana shan shayi," in ji Butrus.

Liman ya juya kofin a hannunsa. "Garba, sukarin ga daga ina ya hito?"

"Adakata."

"Mi ke cikin adakar bayan shi?"

Sai muryar Inna ta fito daga bayan danga, ita da ta rantse jiya, amma ba ta iya barin amsa ta wuce ta: "Likkafaninshi!"

Rumfa ta fashe da dariya. Malam Sambo har da ƙwarewa. Liman ya miƙo mini kofi ya ce, "Ƙaro mini, yaro, shayin likkafanin ga ya yi daɗi."

Baba ma ya dara, amma bai sauka ba. Ya ce, "To, dawa ta halatta. Sai dai ni matafiyi ne. Na yi niyya ba ni yin biki a zango."

Butrus ya ajiye kofinsa. "Malam Garba, ni ma matafiyi ne. In ji likita, motata ta fi taka kusa. Tasha ɗaya muke zaune ni da kai, babu wanda aka faɗa wa ranar tashi. Amma ka gan ni, ina jira ina buɗe ruwa. Yaron nan yanzu ruwansa yake gudu. In ka ce ya jira, a gonar wani zai zuba."

Baba ya kama gemunsa ya jawo shi gaban idonsa, ya daɗe yana kallo kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce a hankali, "Da na zo nan, baƙi ne."

Malam Sambo ya gyara murya. "Ni dai an ce mini an ji ƙugin mota jiya wajen babbar hanya."

Baba ya saki gemun. "Liman, gobe bayan Juma'a."

Mata ba su yarda sun shiga bukkar ba, don haka mu maza muka kwaso dawar muka zuba a tabarmi a fili. Da rana ta haska ta, ta zama dawa kamar kowace dawa, sai ga turame sun fito daga kowane gida. Ban taɓa jin luguden da ya kai na wannan safiya daɗi ba. Tunkiyar Inna ta zama sadaki. Aka yi tuwo, aka yi kisra mai kauri wadda ba a ganin kowa ta cikinta, miyar kuɓewa da tarwaɗa. Waɗanda suka rantse da ciyawa su suka fara miƙo akushi. Yara suka ci har suka kwanta rigingine suna nishi.

Da aka buga ganga, Ammi Butrus ya shiga fili da mabuɗi a kafaɗa yana rawar ƙasarsu, yana dukan ƙasa da diddige har tana amsawa. Inna ta riƙa ihu, "Ku zaunar da shi! Ga akwatin an kwashe, kada ya ce yau zai shiga!"

Ba a yi mako ba mota ta shigo. Malam Sambo ya ɗora kayansa da iyalinsa, ya sa mana albarka, suka tafi. Kulu ta tsaya tana kuka har motar ta ɓace. Na buɗe baki zan jawo wani abu daga littattafaina, ta ce, "Yi shiru. Ba ni hannun rigarka." Ta share hawaye da shi, muka koma gida.

Maganar Butrus ta yi wa Baba aiki ta inda ba mu zata ba. Ana gama tsinkar auduga ta shekarar ya ɗaure adakarsa, ya ce wa Inna ta tashi. Suka je suka sauke farali, suka dawo. Ranar da ya dawo, kafin ya huta, ya aike ni Rufa'a in sayo dashen lemun tsami.

Shi kuwa Ammi Butrus, mutuwa ta yi kamar ta manta da shi. Kowace kaka ya cika akwatin, kowace damina mai tsanani ya buɗe wa ƙauye, mata har layi suke yi a ƙofar bukkar. Ya ga haihuwar 'ya'yanmu, ya goya su a kafaɗar da babu mabuɗi. Wata shekara aka ɗaga akwatin sai gindinsa ya zube, gara ta cinye shi. Ya yi ta dariya yana cewa, "Kun gani? Shi da aka yi don ya jira ni, ya riga ni."

Da sanyin wata safiya ta lokacin tsinkar auduga aka same shi zaune a kan ƙofar ruwa, ya jingina, mabuɗi a kan cinyarsa. Ya riga ya buɗe, ruwa yana ta tafiya gonaki. 'Yarsa ta zo da mutanen cocinsu daga Madani, aka rasa katakon da za a yi masa akwati. A lokacin na gina ɗakin ƙasa, na sa masa ƙyauren katako, na farko a gidanmu, ina ji da shi kamar ɗa. Ina tsaye ina kallonsa ina tunani, Kulu ta ce, "Mi kake jira? Ciro shi." Muka ƙare sanyin shekarar da asabari a ƙofa.

Yanzu kwalta ta zo kusa da mu, ruwa ba ya tsare kowa. Gidajen duk na bulo ne, jikokinmu in na ba su labarin nan da Hausa sai su amsa mini da Larabci, su ce wai da gaske an taɓa jin tsoron dawa.

Jiya dai ban shigo da tabarmar ba, ta jiƙe sharkaf. Kulu ta fito da mayafi a ka tana faɗa, ta tsaya a kaina. Na ɗaga ido na ce mata har yanzu idanun nan kamar taurari suke. Ta ce, "Taurarin sun tsufa. Matsa mini." Ta zauna kusa da ni muna kallon ruwan indararo yana malala a tsakar gida, yana neman ficewa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta zungure ni da gwiwar hannu. Na tashi na ɗauki fartanya, na ja masa hanya zuwa gindin lemun Baba, tun bai ɗauke ba.